Ya Nemi Yafiyar Kowa Ban Da Ni

Anti Saudatu, assalamu alaikum.

"Maman Kausar, ke kam Allah ya ba ki zuciya. Da Katung ne ya ce zai je wurin nan, a firiza zan ɓoye fasfonsa, ƙarƙashin kifi." Haka ƙawata Nanret ta ce mini ranar Asabar a shagon kayan miya na Hyattsville, ina riƙe da kuka da daddawa. Na yi murmushi na ce ai sai haƙuri. Ban san a kan me take magana ba, amma shekara goma sha ɗaya da aure sun koya mini ba a nuna wa na waje ya fi ka sanin abin da ke cikin gidanka. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a. Na san filinki ranar Laraba yake fitowa, shi ya sa nake rubuto miki yau Litinin daga ofis, ga takardun ɗalibai a gefe suna jira.

Sunayen duk na sauya su, ko da yake wahalar banza ce. Hausawan da ke aiki a tashar nukiliya a duk faɗin Maryland ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya gane mu, don Allah ya kau da kai idan mun haɗu.

Mijina, bari in kira shi Misbahu, aikinsa auna tururin nukiliya ne. Shi ne mutumin da ke tsayawa a ƙofa da na'ura, ya auna ma'aikaci zai shiga, ya auna shi ya fito, ya rubuta, wani lokaci ya ce wa ƙaton da ya girme shi, ka isa haka, koma gida. Shekararsa tara a wata tasha da ke kudu da mu, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Ni kuma ina koyar da ilimin lafiyar al'umma a jami'ar da ke College Park, kuma abin da na fi sani shi ne auna haɗari: mutum nawa cikin dubu abu kaza zai taɓa. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka wasiƙar matar da ta ji kalmar nukiliya ta ɗora hannu a ka ce.

Kin san abin da ya faru a Japan wata guda ke nan, girgizar ƙasa, sannan teku ya hau gari, sannan tashar Fukushima ta rasa wuta. Tun ranar Misbahu ya zama wani iri. Mutumin da in an kunna labarai yake gardama da talabijin, sai ya koma kallo shiru, abinci na hucewa a gabansa. Rannan ya ce mini, kin san me ma'aikatan tashar suka yi da wuta ta ɗauke? Baturan motoci suka ciro suka jona, don kawai su ga abin da allurar awo take nunawa, alhali wasunsu ba su san ko gidajensu na nan ba. Ya faɗe shi kamar yana ba ni labarin 'yan ɗakinsu. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma abin ya taɓa ni. An buɗe musu ƙofa wasu su tafi, su suka zauna, suna kwana a ƙasa suna cin biskit, kuma yawancinsu ko sunansu ba mu sani ba.

Lahadin waccan ya kwashe mu ni da 'yarmu Kausar zuwa cikin Washington kallon furannin bishiyoyin nan na Japan, ya saya mana askirim ba a roƙe shi ba, ya yi ta ɗaukar mu hoto. Da ina amfani da karatuna a gida kamar yadda nake yi a aji, da tun ranar na gane akwai magana.

To, a shagon na bar Nanret ta ci gaba, ina gyaɗa kai, har na haɗa labarin. Ashe ranar Alhamis Misbahu ya tuƙa mota takanas har Largo, ya sami mijinta Katung ya dawo daga asibiti ko kayan aiki bai cire ba, ya ce ya zo neman yafiya ne a kan gardamar siyasar gida da suka yi bara a wajen wani suna. Katung ya ce ai ya manta. Can sai tsoro ya kama shi, ya ce malam, ko likita ya gaya maka wani abu ne? Nan Misbahu ya gaya masa kamfaninsu na neman masu sa kai su je Japan na mako uku, su taya auna ma'aikatan da ke fitowa daga tashar, kuma ya ba da sunansa.

Na dawo gida. Na yi abin da na iya, na tattara bayanai. Waya uku kawai na buga gida da sunan gaisuwa. Ya kira yayansa. Ya kira malaminsu na allo, wanda kunnensa ya yi nauyi har sai da aka sa jika ya maimaita masa. Ya kira kawunsa Ɗanliti, wanda rabonsu da magana shekara huɗu. Ya sami limaminmu na nan, shi kuma bayan sallar Juma'a ya ce a sa wani ɗan'uwa a addu'a zai tafi Japan aikin taimako. Ni ina aji a lokacin, ina koya wa 'ya'yan mutane muhimmancin samun bayani da wuri. Ya kira Inna, mahaifiyarsa, a Funtuwa, ya ce aiki zai kai shi Japan. Ta sa masa albarka ta ce ya taho mata da keken ɗinki, na can sun fi ƙarko. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga zuwa yanzu.

Jiya bayan abincin rana, Kausar ta hau sama, na ce, Baban Kausar, na ji kana rabon neman gafara gida-gida kamar naman layya, ni ba a kawo mini kasona ba. Ya ajiye kofin shayi ya ce, Dakta, ke ai naki daban ne. Dakta yake ce mini idan yana neman wasa ko yana neman hanyar gudu. Na ce daban ta yaya? Ya ce su waɗancan minti ɗaya ne, ka ce a yafe maka, a ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, shi ke nan. Ke kuwa in na ce ki yafe mini, cewa za ki yi in jero laifuffukan ɗaya bayan ɗaya ki ga ko na tsallake wani. Ya ce ya bi dabarar jarrabawa ne, ya fara da tambayoyi masu sauƙi. Na kusa dariya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da na matsa, sai ya ce haka ya ga mahaifinsa yana yi. Marigayin direban babbar mota ne, Funtuwa zuwa Ikko. Duk tafiya sai ya zaga dangi da maƙwabta ya nemi yafiya, Inna ce ta ƙarshe, a bakin zaure, jakarsa a hannu. Ya ce a wurinsa na ƙarshe shi ne babba. Sannan ya ce bai ba kamfani amsar ƙarshe ba, sai Juma'a. In na ce a'a ba zai je ba, kuma ba zai sake ta da maganar ba har abada. Na yarda da shi, domin ba ya saɓa alkawari. Zai dai riƙa wanke motarsa shiru-shiru duk Asabar har mu tsufa.

Na karɓi takardun kamfanin na karanta. Ba cikin tashar zai shiga ba, wani sansani ne mai nisan wajen kilomita ashirin, inda ma'aikata ke sauya kaya. An ƙayyade iya tururin da jikinsa zai ɗauka, ya kai za a dawo da shi. Na yi lissafina sau biyu. In komai ya tafi yadda aka tsara, tuƙin da yake yi kullum zuwa aiki da wasan da yake yi da maganin hawan jininsa sun fi wannan tafiyar haɗari. Sai dai ƙasar can ba ta daina motsi ba har yanzu, kuma su ma mutanen can da tsarinsu kafin teku ya zo.

Ga abin da ya hana ni sukuni, Anti. Ya ce zaɓi nawa ne, amma sai da ya tara mini shaidu. In na ce a'a, mutum goma sha ɗaya da matansu da sahun Juma'a guda sun san wace ce ta riƙe rigar jarumi. Za a ce boko ya yi mata yawa, ko a ce bokon bai amfane ta ba, ya danganta da wanda ke magana. In na ce e, ban san ko tawa ce ba ko kunyar mutane ce, shi kuma ya koyi cewa wannan hanya tana ɓullewa. Abin da ya fi ba ni kunya, da ni ya fara tambaya, da na yi mita kwana biyu na haɗa masa jaka. Ina son in zama matar mutumin da ya ga 'yan'uwansa a sana'a cikin wahala ya ce zai je. Amma yanzu ina jin in ce a'a don kawai ya san a'a ɗina tana nan da ranta. Na san wannan ba dalili ba ne. Da ɗaliba ce ta rubuto mini shi da na ja masa jan biro.

Yau da safe ina ɗaure takalmi ya zo ya tsaya a falo, hannayensa a baya kamar ɗan makaranta. Bai ce Dakta ba, cewa ya yi Maman Kausar, ya buɗe baki zai ci gaba. Na ce na makara, na ɗauki jakata, na ja ƙofa na fito. Ban makara ba, sai ƙarfe goma sha ɗaya nake da aji.

Ta goma sha biyu,
College Park

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, karo na farko ina dariya, na biyu ban yi ba. Abu biyu ne suka cakuɗe miki, tafiyar da kuma yadda aka zo miki da ita. Sai kin raba su, in ba haka ba za ki amsa ɗaya da amsar ɗaya.

Mijinki ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Shawara ake fara yi kafin sallama. Mahaifinsa da yake barin Inna a ƙarshe ba izininta yake nema ba, ban kwana yake yi mata, ita ma ta san haka, ba wanda ya ruɗi wani. Shi kuwa Misbahu ya ɗauki jerin mahaifinsa ya haɗa da shawarar gidan zamani, ya sanar da gari sannan ya ce ke za ki yanke. Haɗin ne ya matse ki, kuma kina da gaskiya da kika ji zafi.

Amma ban ga tarko a nan ba. Mai ɗana wa matarsa tarko ba ya kai sirrinsa gidan ƙawarta. Ki sake duba jerin nan naki. Mutumin da ya san awon nan kamar yadda kika sani, wanda ya karanta takardun kafin ke, shi ne ya ɗaga waya ya kira kawun da suka shekara huɗu ba sa magana. Mai ganin zai je ya dawo kamar ya je Largo ba ya yin haka. Tsoro yake ji. A gaban malamin allo da Katung zai iya neman yafiya ya tashi da girmansa. A gabanki ba zai iya ba, domin za ki kalle shi ki gane. Ni a ganina shi ya sa kika zo ƙarshe, maganar jarrabawa kuwa ado ce.

Kafin ki ba da kowace amsa, ki karɓi abu ɗaya daga bakinsa: in tafiyar ba ta yiwu ba, shi da kansa zai koma wa mutanen nan ya ce na fasa. Ba an hana ni ba, ba iyali ba su yarda ba. Shi ya tara su, shi zai sallame su. Kin ce ba ya saɓa alkawari, to ki yi amfani da wannan. Da zarar ya ɗauki wannan nauyin, sahun Juma'a ya fita daga falonki, duk abin da kika faɗa bayan nan naki ne.

Sai maganar Inna, wadda kika faɗa da wasa kika wuce. Albarkar da ta sa, ta sa ta ne a kan tafiyar da ake dawowa da keken ɗinki. Ya sake kiran ta kafin Juma'a, kina zaune, ya gaya mata da Hausar da za ta gane inda zai je da abin da zai yi da abin da ake tsoro. Matar da ta yi shekara da shekaru tana raka direban Ikko bakin zaure ta san tafiya mai haɗari, kada ku raina ta. In ta sake sa albarka, ta sa da saninta. In ta ce ba ta yarda ba, wannan tsakaninsa da mahaifiyarsa ne, ba ke za ki ɗauka ba.

Game da tafiyar kanta, kin fi ni sanin awo, ba zan koya miki ba. Aikin da zai je yi aikin kirki ne. Mutanen nan da suka tsaya suna da iyali, kuma suna bukatar wanda zai tsaya a ƙofa ya ce wa mutum ka isa haka, domin irin waɗannan mutane ba sa gaya wa kansu. Amma ba mijinki kaɗai ya iya wannan aiki a duniya ba, in bai je ba wani zai je. A duk wasiƙarki layi ɗaya ne kika bar tsoro ya leƙo, inda kika ce ƙasar ba ta daina motsi ba. Ki zauna da wannan layin ke kaɗai. In kika ga ba za ki iya ɗaukar mako uku da shi a ƙirji ba, ki ce a'a, kanki a sama, ki gaya masa ainihin dalilin. Mace mai 'yar ƙaramar yarinya a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa ba ta bukatar digiri kafin a karɓi tsoronta. In kuwa kika ga a'ar ta horo ce, ki ajiye ta. Horon na kwana ɗaya ne, ke kuma za ki daɗe kina sanin kin hana abin da kike alfahari da shi.

In kin amince, kada ki amince a dunƙule. Ki san sunan wanda ke da ikon cewa a dawo da shi, da lambar da za ki kira ki sami mutum ba na'ura ba, da ranar dawowa a rubuce. Maganin hawan jinin nan ya shiga jaka a gabanki. Ku biyu ku gaya wa Kausar tare, tun kafin ta ji a bakin 'ya'yan mutane, in da Turanci ta yi tambaya a amsa mata da shi. Nanret kuma ki gaya mata gaskiya cewa a bakinta kika fara ji. Za ta ji kunya ta minti biyar, bayan nan kin sami mai ɗauko miki yarinya daga makaranta ranar da aji ya riƙe ki.

Yau Laraba, saura kwana biyu. Gobe da safe in Kausar ta tafi makaranta, ki zauna, ki bar shi ya ƙarasa maganar da ya fara. In kina son ya jero laifuffukan, ya jero, shekara goma sha ɗaya ba za a rasa abin faɗa ba. Amma ki tuna yadda ake yin abin nan a gida: wanda aka nemi yafiyarsa ba ya tsayawa a na yafe, yakan ce ni ma ka yafe mini. Ki shirya naki jerin. Wannan za ku yi shi ko zai tafi ko ba zai tafi ba, sannan ki ba shi amsarki.

Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ya tsare mutanen can da ke tsaye a bakin aikinsu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Anti Saudatu